Ga Ta Nan, Ga Ta Nanku: Yadda 'Ya'yanmu Ke Koyon Ba Da Labari

Babban Mutum gari ne na ƙasar Ɓaure, cikin masarautar Daura, dab da iyakar Nijeriya da Nijar. Wanda ya fita garin ya miƙe arewa ba zai daɗe ba zai sami kansa a ƙasar Magarya, ta Damagaram. Mutanen ɓangarorin nan biyu harshensu ɗaya, gero da wake da gyaɗa su ke nomawa, suna auren juna, suna cin kasuwannin juna. Boko ne ya raba 'ya'yansu, gama na wannan gefe Ingilishi ya ke tararwa a makaranta, na wancan gefe kuwa Faransanci. Amma kafin a kai ga allo da alli akwai wani karatu da dukansu su ke yi iri ɗaya, ba malami, ba rajista, ba kuɗin makaranta, watau koyon ba da labari. A kansa mu ke so mu yi magana da malaman makaranta da ma'aikatan ofis.

Kada wani ya ce wannan zancen mata ne da yara, bai shafe shi ba. Akawun da aka taɓa kawo wa rahoto daga ƙauye, ya karanta ya ga an sa ƙarshe a farko, har bai gane wanda ya fara tsokanar wani ba, ya san wahalar abin. Haka magatakardan alƙali, wanda mai shaida ya kan tsaya gabansa yana cewa “shi ne ya ce masa shi ya ba shi”, ba a san wane shi ne wane ba. Haka kuma malamin aji shida sa'ad da ya zauna duba insha'i. Duk kukan abu guda su ke yi, watau rashin iya ɗaukar abin da ya faru a jera shi daki-daki, a nuna dalilinsa, yadda wanda ba ya wurin zai fahimta. To, harsashin wannan gwaninta tsakanin shekara biyu da shida a ke kafa shi, tun yaro bai san baƙi ba.

Labarin Farko Ƙara Ne

Labarin da yaro ya ke fara bayarwa a duniya ba shi da Gizo ciki. Yawanci ƙara ce ya ke kawowa. Ɗan shekara biyu ya shigo tsakar gida yana kuka, ya ce, “Akuya!” Uwa ta ce, “Me akuya ta yi?” Ya ce, “Ƙosai.” Ta ce, “Ta cinye maka ƙosai? A ina?” Ya nuna zaure. Kalma biyu kaɗai ya faɗa, amma da tambayoyin uwar an sami mai laifi, da abin da ya yi, da wurin da ya yi shi. Labari ke nan cikakke, sai dai mutum biyu suka haɗu suka gina shi. Bayan 'yan watanni yaron zai riƙa kawo amsar tambayoyin nan tun ba a yi masa su ba, domin ya riga ya san za a yi.

Waɗansu malaman Amurka biyu, Peggy Miller da Linda Sperry, sun buga bincike a 1988 bisa 'ya'yan talakawa na birnin Baltimore masu shekara biyu zuwa biyu da rabi. Suka tarar yawancin abin da yaran su ke faɗa na abin da ya wuce, na ɓacin rai ne, musamman faɗuwa da jin ciwo. Ba abin mamaki ba ne, gama abin da ya taɓa zuciya shi ke neman baki. Tun kafin nan, a 1962, wata malamar harshe, Ruth Weir, ta ɗauki maganar ɗanta da na'ura sa'ad da ya ke kwance shi kaɗai kafin barci, ta ga ashe bita ya ke yi, yana juya kalmomi yana gwada su. A 1989 kuma Katherine Nelson da abokan aikinta suka fitar da littafi bisa surutun dare na wata yarinya tun ba ta cika shekara biyu ba har ta kai uku, inda ta ke ba kanta labarin abin da ya faru da rana da abin da za a yi gobe. Saboda haka uwar da ta ji goyonta yana surutu shi kaɗai cikin duhu kada ta tsorata, darasi ya ke maimaitawa.

Ƙofa Kafin Ɗaki

Da kaka, in an kawar da amfanin gona, aiki ya yi sauƙi, an ci tuwon dare, sai yara su taru wurin kaka ko goggo ko wata yaya. A nan ne a ke ba ƙaramin yaro aikinsa na farko cikin tatsuniya, aikin kuwa shi ne amsawa. Mai tatsuniya ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Jama'a su ce, “Ta zo mu ji ta,” a waɗansu gidaje kuma “Ta je ta komo.” Ɗan shekara biyu da rabi ya iya wannan, har ya kan riga kowa. In an zo wurin waƙa, shi ne mai ƙarfin amshi, ko bai san ma'anar kalmomin ba. In an kai ƙarshe, tare da shi a ke cewa ƙurunƙus. Ashe tun bai iya riƙe labari ba ya riga ya san labari yana da ƙofar shiga da ƙofar fita, ya kuma san tsakanin ƙofofin nan biyu wata duniya ce dabam, inda kura ke magana, dodo ke neman aure.

Ran da aka ce masa, “To, kai ma yi taka,” abin da ya kan fito ba ya wuce haka: “Ga ta nan, ga ta nanku. Wai kura ce. Da Gizo. Kakata tana da kaza. Ƙurunƙus!” Manya su yi dariya, shi ma ya yi. Amma a dubi abin da kyau. Ya buɗe daidai, ya sa “wai”, wadda ke nuna zancen ba ganin ido ba ne, ya kawo 'yan wasa, ya rufe daidai. Ya gina ƙofa ke nan, saura ɗaki.

Wani Ba'amurke mai suna Arthur Applebee ya nazarci labarai 120 na yara masu shekara biyu zuwa biyar, ya buga sakamakon a 1978. Ya ga su ma 'ya'yan Turawa da al'adar buɗewa da rufewa su ke farawa. Ya kasa girman labarin yaro hawa shida. Na ƙasa duka ya kira shi tari, watau abubuwa ne aka zube wuri guda ba abin da ya ɗaure su, kamar dai kura da Gizo da kazar kaka. Daga nan yaro ya kan kama abu guda ya yi ta rataya masa ayyuka. Can gaba sai wannan aiki ya haifi wancan kamar sarƙa, amma mai labarin ya kan saki wanda ya fara da shi ya bi wani. Hawa na sama shi ne inda mutum guda ya ke riƙe da labarin daga farko har ƙarshe, kuma ƙarshen ya fito daga cikin farkon. Ba ma cewa a ɗauki hawan nan shida kamar ajin makaranta, kowane yaro da nasa lokaci, wani ma ya kan hau yau gobe ya sauko in barci ya kama shi. Amfaninsu ga malami shi ne ya daina ganin labarin ɗan shekara uku shirme ne.

Zamanin “Sai”

Wajen shekara huɗu yaro ya kan gano wata 'yar kalma mai albarka, watau “sai”. Da ya same ta ba ya sakinta. Sai ya tafi, sai ya ga kura, sai ya gudu, sai ya hau bishiya, sai, sai, har numfashinsa ya ƙare. Tare da ita ya ke ɗaukar wata ƙa'ida ta Hausa wadda ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. “Yara sun tafi” sanarwa ce. “Sai yara suka tafi” taki ne cikin labari, mai ji yana jiran na gaba. Bature mai koyon Hausa ya kan daɗe yana tuntuɓe tsakanin “sun” da “suka”, amma yaron Babban Mutum a kan tabarma ya ke tsintar su. Bayan “sai” kuma sauran kayan aiki su ke biyowa ɗaya ɗaya: “ana nan ana nan” domin tsallake kwanaki, “kwanci tashi” domin tsallake shekaru, “shi ke nan” domin rufe wani sashe a buɗe wani. Ga kuma kalmomin nan masu zana abu a kunne, ya faɗa ruwa tsulum, ta tashi fir, ya faɗi tim, waɗanda yara su ke ƙauna har su kan sa su inda ba wurinsu ba.

Amma jerawa a baki dabam, jerawa a ka dabam. Carole Peterson da Allyssa McCabe sun tattara labaran yara 96 a Amurka, masu shekara uku da rabi zuwa tara da rabi, suka buga a 1983. Suka ga ɗan shekara huɗu tsalle ya ke yi irin na kwaɗo, ya faɗi na uku, ya komo na ɗaya, ya bar na biyu sam. Ɗan shekara biyar ya kan jera daidai, amma da ya kai wurin da abin ya yi zafi sai ya tsaya cak, bai faɗi yadda aka ƙare ba. Sai wajen shekara shida ya ke kai labari ƙololuwa, sa'an nan ya sauko da shi ya warware.

A nan ne mu ke ganin hikimar yadda aka ƙera tatsuniyoyinmu. A ɗauki ta Ruwan Bagaja, wadda Alhaji Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. An tura 'yar bora wankin ƙirgi, ta yi tafiya mai nisa, duk abin da ta tarar ta yi masa ladabi, har ta isa gidan cinya da kare, aka ba ta ƙwai, ta komo da dukiya. Sa'an nan 'yar mowa ta bi hanyar nan tak, ta tarar da abubuwan nan tak, ta yi rashin kunya, ta komo da tsiya. Babba yana iya gajiya da maimaicin, amma ga yaro tsani ne. Ya ji hanya sau biyu cikin dare guda, a karo na biyu kuwa yana iya cewa ga abin da zai zo. In ya tashi ba da ita, rabin na farko shi ke riƙe masa rabin na biyu. Waƙar da ke dawowa a kowane zango ita ma wurin hutawa ce, yana rera ta yana tuna abin da ke gaba. Ya kuma koyi babban abu ba tare da an yi masa wa'azi ba: hanya ɗaya, hali biyu, sakamako biyu. Daga nan “sai” ta fara zama “saboda haka”.

Gizo Da “Ashe”

Hawan da ya fi wuya, wanda kuma mu ke ganin malamai ba su cika lura da shi ba, shi ne yaro ya gane abin da ke cikin kansa ba lalle ne yana cikin kan wani ba. Ƙaramin yaro in ya san abu, gani ya ke kowa ya sani. Shi ya sa ya kan zo ya ce, “Ya karɓe mini,” ya yi mamaki da aka tambaye shi wa, aka tambaye shi me.

A 1983 waɗansu malamai biyu na ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka shirya wata jarrabawa da 'yan tsana. Yaro ya ajiye alewarsa cikin wani kabad ya fita wasa. Bayan fitarsa uwarsa ta ɗauke ta sa cikin wani kabad dabam. Sai a tambayi yaran da ke kallo, in ya komo ina zai nema? 'Yan shekara uku su kan nuna inda alewar ta ke yanzu, domin su sun gani. Sai daga shekara huɗu zuwa biyar su ke fara nuna kabad na farko, watau sun gane mutum yana iya gaskata abin da ba haka ya ke ba. Don kada a ce halin 'ya'yan Turai ne kaɗai, a 1991 Jeremy Avis da Paul Harris suka gwada irin wannan ga 'ya'yan Baka, mafarautan kurmin Kamaru, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, aka sami kusan haka nan.

To, mu komo ga Gizo. Duk sana'arsa ita ce sa wani ya gaskata abin da ba haka ya ke ba. Ya ci bashi wurin giwa, ya ci wurin dorina, da lokacin biya ya yi sai ya ba kowace bakin igiya guda, ya ce ta ja, dokinsa ne ɗaure a ɗaya bakin. Giwa tana ja daga tudu, dorina tana ja daga ruwa, kowace tana mamakin ƙarfin dokin Gizo. Ɗan shekara uku yana dariya domin manyan namun daji suna ja-in-ja. Ɗan shekara biyar yana dariya domin ya san abin da giwa ba ta sani ba. Dariyar nan biyu ba ɗaya ba ce, kuma a bakinsu a ke gane bambancin in an ce su maimaita. Ƙaramin zai ce giwa ta ja, dorina ta ja, ƙurunƙus, ya zubar da dabarar gaba ɗaya. Babban zai tsaya ya ce, “Ita giwa tana tsammani doki ne, ashe dorina ce!”

Mu dai a ganinmu ran da “ashe” ta fito daga bakin yaro a wurinta, ran nan ya zama mai ba da labari. Kalma ce da ba ta da aiki sai inda akwai zato da kuma gaskiyar da ta saɓa wa zaton. Mai faɗinta yana riƙe da kai uku lokaci guda, na Gizo mai shirya zamba, na giwa wadda aka yi wa, da na masu sauraro waɗanda ya ke so ya ba mamaki. Wannan shi ne ainihin abin da akawu ke bukata sa'ad da ya ke rubuta wa shugabansa rahoto, ya tuna mai karantawa bai ga abin da shi ya gani ba.

Akwai kuma wani abu game da Gizo da ya kamata a ambata. Tsamin baki gare shi, yana magana kamar yaron da harshensa bai gama warwarewa ba. Ga shi ƙarami, ga kwaɗayi, ga rashin ƙarfi tsakanin manya. Yaro ba ya shan wahala wajen kwaikwayon muryarsa, gama kusan tasa ce. Daga muryar Gizo ya ke wucewa ga ta Ƙoƙi, da kaurin muryar kura, da gurnanin dodo, ya koyi raba masu magana da murya tun kafin malami ya nuna masa alamar zance a takarda.

Masu Gyara

Ba kaka kaɗai ke koyarwa ba. Malamai mafi tsanani su ne yayye da sa'o'i. In yaro ya tsallake wani zango, sai a ce, “Ba haka ba ne, ka manta tsohuwa!” In ya ja zance ba daɗi, sai a fara hamma ko a kama wata hira. Kafin a fara tatsuniya kuma sau da yawa a kan yi kacici-kacici, inda ya ke koyon riƙe amsa a ciki har a gaji a ba shi gari. Shirley Brice Heath, wadda ta yi shekaru tana zama da mutanen waɗansu unguwanni biyu na ma'aikatan masaƙa a kudancin Amurka, ta nuna a littafinta na 1983 cewa kowace al'umma da abin da ta ke kira labari mai kyau. A unguwa ɗaya ana so yaro ya faɗi gaskiya tsantsa, a ɗayar kuwa sai ya ƙawata zance kafin manya su saurare shi. Da suka shiga makaranta, dukansu suka tarar malamai na neman wani iri na uku.

Mu namu yara iri biyu su ke tashi da shi, kuma an raba musu su sarai. Tatsuniya ta kan rufe da cewa ba domin Gizo ba da an yi ƙarya, watau mai ita ta faɗa da bakinta cewa ƙage ne. Labari kuwa, irin wanda maza su ke yi a zaure ko a dandali, ana ba da shi ne a kan ya faru. Yaron ƙasar Daura yana jin na Bayajida da macijin rijiyar Kusugu da Daurama, rijiyar kuwa tana nan cikin birnin Daura ana zuwa ganinta. Na ƙasar Ɓaure yana iya jin yadda gidan sarautar Daura na dā ya watse bayan jihadi, waɗansu suka zauna Zango, waɗansu Ɓaure, har Turawa suka mai da Malam Musa birnin Daura a 1906. Ba a buɗe waɗannan da “ga ta nan”, ba a rufe su da ƙurunƙus, yaro kuwa yana lura. Frank Edgar ma, da ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, ya bi wannan rabo na tatsuniyoyi da labaru.

Kada kuma a ɗauka gwaninta ita ce hadda. Farfesa Sa'idu Ahmad Ɓaɓura, wanda garinsu ba shi da nisa da Babban Mutum, ya buga littafi da Ingilishi a ƙasar Jamus a 1997 bisa wannan batu, yadda tatsuniya guda ta ke da ƙashin baya wanda ba ya sakewa, amma kowane mai ba da ita yana sa mata nasa nama. Yaron da ya sa Gizo ya hau babur bai ɓata tatsuniya ba, ya fara mallakarta ke nan.

Abin da aka shuka a shekarun nan kuwa yana daɗewa. Dorugu, ɗan wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, an kama shi bauta yana yaro, daga baya aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da J. F. Schön yana faɗa ana rubutawa, tarihin kansa da tatsuniyoyi, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. An raba shi da gida da dangi, amma abin da ya ji yana ƙarami ya ƙetare hamada da teku tare da shi.

Abin Da Ya Rage Ga Malamai

Zamani ya sake. Rediyo ya shigo, talabijin ya biyo, ga wayar hannu cike da fim. Ba ma zagin waɗannan, yaro yana samun labari a cikinsu, har wanda kakarsa ba ta taɓa ji ba. Aibinsu guda ne, waya ba ta tsayawa ta tambayi yaro me akuya ta yi, ba ta kuwa cewa kai ma yi taka. Ji kawai ba ya sa a iya, kamar yadda kallon masaƙi ba ya sa a iya saƙa.

Ga shi kuma makaranta tana karɓar yara da wuri fiye da zamanin En'e, sa'ad da a kan ɗauki yaro elementare bayan ya yi wayo. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci karatun share fage, ta ce a yi shi da harshen uwa ko na mutanen wurin. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin aikinta, gyaran manufar na 2013 kuma ya kawo shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. A tsallaken iyaka, a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Watau shekarun nan da yaro ya kan yi a gindin kaka, wani kashi nasu ya koma hannun malami. In malamin ya cika su da rera baƙaƙen Ingilishi da ƙidaya, yara na amsawa baki ɗaya daga safe har tashi, to, ya karɓi lokacin bai biya komai a madadinsa ba. Yaro yana iya shekara guda a irin wannan aji bai taɓa faɗin jimla uku a jere daga cikin kansa ba.

Maganin ba ya bukatar kuɗi. A ƙasar Kanada, Peterson da McCabe da Beulah Jesso sun yi gwaji da yara 20 'ya'yan marasa ƙarfi, suka buga a 1999. Iyayen rabinsu aka roƙa su riƙa hira da yaran bisa abin da ya wuce, su yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, su tambayi ina da yaushe, su riƙa nuna suna saurare. Da aka gama, kalmomin yaran nan sun fi na sauran yawa, bayan shekara guda kuma labarinsu ya fi tsari. Wata malamar ƙananan yara a birnin Shikago, Vivian Paley, wadda ta rasu a 2019, dabararta ita ce yaro ya faɗi labarinsa ta rubuta yadda ya faɗa, ba gyara, sa'an nan a ranar 'yan ajin su tashi su kwaikwaya shi. In mai labari ya manta ya faɗi inda kura ta fito, wanda aka ba kura zai tsaya ya tambaya, gyara ya zo da kansa. Yaranmu da suka saba da tashe cikin watan azumi da wasan 'yar tsana ba sai an koya musu kwaikwayo ba.

Mun san aji ya kan cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya sauraron kowa kullum. Amma yara biyu ko uku a rana ba su fi ƙarfinsa ba, in ya bi rajista kowa zai sami rabonsa kafin hutu. Ya bar su su yi da Hausar gidansu, ɗan Fulani in ya so ya fara da Fulatanci. Kada ya katse yaro a tsakiya domin gyaran lafazi, ya jira ƙarshe ya yi tambaya guda, “Me ya sa ta gudu?” ko “Ita kura ta sani?” Ya ajiye littafi guda, ya rubuta tatsuniyar kowane yaro a farkon shekara, ya sake rubuta ta a ƙarshenta, ya gwada biyun. Littattafan tatsuniya da mu ke da su, tun daga na Edgar da na Rattray na 1913, kusan duk daga bakin manya aka ɗauko su, saboda haka malamin ƙauye da ya yi wannan zai tara abin da ba shi da yawa ko a manyan ɗakunan karatu. In da hali kuma, hedimasta ya nemi iznin maigida a gayyato wata tsohuwa ta unguwa sau ɗaya a mako, a shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiya.

Wata 'yar matsala za ta taso, gara malami ya san da ita. An saba tsorata yara cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata zai yi, saboda haka wani yaro zai ƙi buɗe baki da hantsi, wata tsohuwar ma za ta noƙe. Kada a yi musu dariya. Dattawa sun kafa wannan ne domin kada hira ta hana aiki. Sai malami ya je ya yi wa iyaye bayani cewa a aji tatsuniyar ita ce aikin, ya kuma tuna musu tun 1971 littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya suka fara shiga makarantu, ana karanta su da rana tsaka. Yaron da har yanzu ya ji tsoro, a bar shi ya fara da labarin abin da ya gani a hanyar kasuwa, wannan ba wanda ya hana a faɗe shi da rana.